Shekarar da Na Kori Jan Baki da Haske

Bana damina ta ƙi ɗaukewa da wuri. Har yanzu in na buɗe tagar kicin da sassafe, warin laka nake fara shaƙa. A ɗan kwarin da ke bayan gidanmu a Gwagwalada wani bawan Allah ya shuka shinkafa, ba ta fi tsakar gida biyu ba, kuma ta fitar da kai. Shekaranjiya ina wanke tukunya na ji su sun taso, tsuntsayen jan baki, garke guda, da wannan shuuu ɗin da fukafukansu ke yi. Na saki tukunyar na leƙa ta taga ina cewa "Kai! Kai!" da ƙarfi, ni da ba ni da ko zangarniya ɗaya a gonar. Da na dawo hayyacina na yi wa kaina dariya.

A shekarun da ake kwaso ma'aikatu daga Legas ana kawo su Abuja aka kwaso mu mu ma. Maigidana, Malam Isiyaku, ƙaramin ma'aikaci ne a sashen safiyo da taswira na wata ma'aikata. An ce kowa zai sami gida a cikin birni. To, manya dai sun samu. Mu kuwa muka yi ta zagaye da katifa a kan mota har muka tsinci kanmu a Tungan Maje, ɗaki ciki da falo a gidan wani tsohon manomi ɗan Gbagyi, Baba Danladi. Kuma abin haushi, Malam ya iso Abuja amma fayil ɗinsa bai iso ba. Duk ƙarshen wata a ce ana nema, albashi ya maƙale a hanya. Ga ni da ƙaramin ciki, ga garin da ban san kowa ba.

Baba Danladi dogo ne siriri, idonsa ɗaya ya fara yana, ɗayan ma sai a hankali. Amarya yake kirana, ko da yake na daɗe da wuce amarci, kuma a Hausarsa mace da namiji duk "kai" ne. Wata rana ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Amarya, kai ba ka dafa abinci da rana ne? Hayaki ba ya tashi."

Na ce, "Baba, ba ma jin yunwar rana ne."

Ya dube ni da idon nan nasa mai dama-dama. Da yamma ya kira Malam suka tafi fadama, suka dawo ƙafafunsu duk laka. Ya ba mu rabin gonar shinkafarsa aro, mu noma mu ci.

Gonar doguwa ce siririya. Ta fara daga gindin wani tsohon suri a bakin hanya, ta miƙe tana gangara har bakin rafi, can inda in mutum ya tsaya sai ka gan shi ɗan mitsitsi. Ya ba mu rabin sama, inda ƙasa ke da ƙarfi kuma kusa da gida. Shi ya riƙe na bakin rafi, don can taɓo ne har cinya, ga matsattsaku, kuma ya ce ba wurin 'yan birni ba ne.

Ni 'yar cikin ganuwar Zariya ce, shinkafa a faranti na san ta. Amma yunwa ta koya mini. Da ruwan farko Malam da Baba suka kifa ƙasa, Asabar da Lahadi, Malam ya dawo tafin hannunsa duk ya yi ƙurji yana wani cije baki wai ba zafi. Muka watsa iri. Muka yi cirar ciyawa ta fari, muka yi ta biyu, ni a durƙushe saboda sunkuyo ya fara gagarata. Cikin tsakiyar damina ruwa ya yi ta zuba ba rana, kaya ba sa bushewa, ashana ba ta kamawa, itace sai hayaƙi. Abincinmu dafaffiyar masara, rogo, da kwaɗon tafasa in an sami ƙuli. Da rana in jiƙa gari in sha, in kwanta ina jin yaron cikina yana shure-shure kamar yana tambayata saura. Abin da ke riƙe ni shi ne in fita in hangi gonar nan kore shar. Ita ce abincin jegona, ita ce tuwon suna, ita ce za ta kai mu har ranar da fayil zai ga dama ya bayyana. Baba ma ita ce rumbunsa na shekara, don doyarsa ta ruɓe a ruwan da ya yi yawa.

Shinkafa ta yi ciki, ta fitar da kai, ƙwayar ta cika da wannan farin ruwa mai kama da madara. A daidai nan jan baki ke sonta. Ba ya jiran ta nuna, matse ƙwayar yake ya tsotse, ya bar zangarniya a tsaye fara fat ba komai a ciki.

Da can, in ji Baba, korar tsuntsu aikin gayya ne, kowane gida da masu ihu. A shekarar nan kuwa samari da magidanta duk sun tafi birni ɗaukar siminti, nasa 'ya'yan ma suna can. Malam kuma dole ya fita tun da duhu ya kama bas a Zuba. Saura ni da Baba, mai tsohon ciki da mai rabin ido. Aka yi mini rumfa a kan surin. Muka ja igiyoyi a cikin gona muka rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Ina idar da sallar asuba in ɗauki zane in yafa in tafi, raɓa ta jiƙa ni har gwiwa, sauro na bina. Gari na fara haske sai su taso daga itatuwan bakin rafi, su yi baƙi a sama, su juya gaba ɗaya, su faɗa. In ja igiya, in yi ihu, in buga tsohon kwano. Su tashi nan su sauka can. In rana ta take su koma inuwa, da la'asar sakaliya su dawo da yunwar da ta fi ta safe. Ba a yi mako ba muryata ta dushe, gwangwanayen ma suka saba da su har suna sauka a kan igiyar.

Wata magariba Malam ya dawo da wani ɗan abu a jikin makullinsa, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ogansu ne ya dawo daga kwas a ƙasar waje ya raba musu tsaraba. In ka danna, ɗigon haske ja ya fito ya zauna a bango, ƙarami kamar ƙwayar gero, mai haske ƙwarai.

Ya ce, "Leza sunanta. Kada ki kuskura ki haska wa mutum a ido."

Na ce, "Oga ya rasa abin da zai ba mai iyali sai wutar wasa? Ko gwangwanin madara ai ya fi."

Bai kula ni ba. Malam in ya sami abin kimiyya, ko gida na ci da wuta sai ya gama dubawa. Ya haska bango, ya haska randa, ya ɗaga ya haska mangwaron tsakar gida inda tsuntsaye suka kwanta. Ɗigon na taɓa ganye, bishiyar nan ta fashe da fukafukai, suka watse ko ɗaya bai saura ba.

Na miƙa hannu na ce, "Kawo nan."

Washegari na hau rumfa da ita a ƙulle a bakin zane. Da suka sauka na danna, na goga jan ɗigon a kan zangarniyoyi. Allahu Akbar! Suka tashi a firgice. Suka sake sauka, na sake gogawa, suka tashi. Ba ihu, ba jan igiya, ina zaune abina. In rana ta fito sosai ɗigon ya ɓace, sai a koma ga kwano da maƙogwaro, amma ai harin asuba da na yamma su ne masu cin gona. 'Yan batiranta irin na agogo suka mutu a kwana kaɗan, Malam ya naɗe manyan batiran tocila a takarda ya haɗa da waya. Kwanakin nan na yi barci har da minshari, in ji shi.

Daɗin bai daɗe ba. Wata safiya bayan na tashe su na bi su da ido, abin da ban tsaya na yi ba a da. Suka yi sama, suka karkata, suka zube a rabin Baba. Duka. Waɗanda da suke rabuwa biyu, rabi nan rabi can, yanzu na tattara masa su gaba ɗaya. Na hango shi can cikin taɓo yana kaɗa riga, yana zare ƙafa da ƙyar. Na juya lezar can na danna har yatsana ya yi fari. Ko gezau ba su yi ba. Ni kaina ban ga inda ɗigon ya sauka ba.

Ranar Asabar na sa Malam ya ɗauki farin tire na shayi ya zagaya ta gefen gona. Na ce ya riƙa tsayawa ina haska masa. A kusa, ɗigon ƙwayar wake ne. A iyakar rabinmu ya kai bakin kofi, amma da sauran ƙarfinsa. Da ya kai bakin rafi wajen Baba ya ɗaga tiren, na haska, na ji ya kwala mini kira.

"Ya cika tiren har ya zuba! Ja-ja kawai, kamar an wanke jan zane a ruwa!"

Na zauna a rumfar. Mutumin da ya ga hayaƙinmu bai tashi ba ya raba gonarsa biyu, ga abin da yake samu.

Ban jira Malam ba, na yi tawa dabarar. Kowace mace ta san in ruwan buta bai kai inda kake so ba, toshe rabin bakin kake da yatsa, sai ya tsinke ya yi nisa. Na ce ai haske ma haka ne, bakin ya yi masa faɗi. Na yanko farar takardar ƙarfen nan da ake liƙe bakin gwangwanin madara da ita, na huda da allura mafi siriri a cikin kayan ɗinkina, na ɗaure a bakin lezar da zare. Da yamma na hau rumfa ina ji da kaina. Na danna. Ko a rabinmu tsuntsun bai tashi ba. Na yi ta dannawa ina salati, suna ci a gabana, har na fizge takardar. A wannan ɗan lokacin sun yi mana ɓarnar da sai da na yi hawaye.

Da Malam ya dawo na nuna masa. Ya mayar da takardar, ya haska bangon ɗaki daga tsakar gida. Maimakon ɗigo, sai ga wani faifan haske dishi-dishi, da zobba kewaye da shi, zobe bayan zobe. Ya tsaya yana kallo bakinsa a buɗe, har da cewa, "Kai, Rakiya, kin ga kyau?"

Na ce, "Kyau? Malam, shinkafar Baba ake cinyewa kana ce mini kyau?"

Kunya ta kama shi. Da safe, da yake Lahadi ce, ya ja ni gefen gona inda aka yi shingen ƙasa don tare ruwa. A jikin shingen akwai kafa biyu, ɗaya ƙarama da ɓera ya haƙa, ɗaya babba da Baba ya buɗe da fartanya. Ya jefa hoge a ruwan da shingen ya tare. Igiyoyin ruwa suka taho a jere. Da suka ratsa ta babbar kafar, suka wuce kusan a miƙe, gefensu kawai ya ɗan lanƙwasa. Da suka ratsa ta ƙaramar, suka buɗe a ɗaya gefen suka bazu ko'ina.

Ya ce, "Haske ba ruwan buta ba ne, irin wannan igiyar ce. Duk yadda kika matse masa ƙofa, haka yake ƙara bajewa in ya fita. Hudar allurarki ta tare yawancinsa, ɗan abin da ya wuce kuma ta watsa shi."

Na ce, "To a samo mai tsada, wadda ba ta bajewa."

"Babu ita. Ko wace ce sai ta baje, haka Allah Ya yi shi. Mai kyau dai tana kaiwa iyakar da faɗin bakinta ya yarda, ba ta wuce nan. In kina so ya yi nisa bai baje ba, sai ya fita da faɗi tun daga farko. In kika ninka faɗinsa a nan, bajewarsa a can ta ragu da rabi."

"A faɗaɗa don ya tsuke? Malam, yunwa ce ta fara taɓa ka?"

Ya rantse haka ne. Ya ce a ofis akwai tsofaffin madubin hangen nesa na 'yan safiyo, cikin akwatunan da aka kwaso daga Legas aka jibge a sito ba a ko buɗe ba. In aka haska lezar ta wajen da ake sa ido, za ta fita ta babban gilashin gaba da faɗi. Zai roƙi aron ɗaya.

Nan jira ya fara, kuma ban taɓa jira mai cin rai irinsa ba. Mai riƙe makullin sito ya tafi Legas kwaso iyalinsa. Ya dawo, aka ce sai oga ya yarda. Oga ya tafi taro. Kullum da magariba in tsaya a bakin hanya in hangi hannun Malam tun daga nesa, in ga jakarsa kawai. Shi ma ya rame, ya daina haɗa ido da Baba in sun gaisa.

Na gwada duk abin da ya zo kaina. Na kai wa Baba lezar na ce ya tafi da ita can ya yi amfani da ita. Ya danna, ya juya kai nan da can, ya ce, "Ina yake? Ni ban gan shi ba." Idonsa ba ya kama ɗigon ko a kan tafin hannunsa. Wata asuba na tattare zane na ce zan shiga tsakiyar gona in tsaya, daga nan haske zai kai ko'ina. Ban yi nisa ba ƙafata ta nutse har gwiwa, na yi tangal-tangal da cikin nan. Baba ya hango ni ya yi wata tsawa da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba.

"Amarya! Koma! In ka faɗi a nan ni zan gaya wa Malam me?"

Na koma ina kuka, matsattsaku biyu a ƙwaurina. Washegari na ce to ba zan kunna ba, a raba tsuntsun daidai kamar da. Na zauna na ƙulle lezar a zane. Suka sauko a kan rabinmu, ina jin ƙarar bakinsu ƙas-ƙas a cikin zangarniya, yaron cikina na motsi. Na daure, na daure, na kasa. Na kwance na danna, ina kallo suka tashi suka nufi rafi. Da rana Baba ya biyo ta gindin surin ya ce, "Yau ka yi lattin kunna abinka. Kada ka sake. In nawa ya tafi, naka ma ya tafi, wa ya ci riba?" Ya wuce yana jan ƙafa, wandonsa ya bushe da laka.

Abinci ya daina shiga mini. Ko na kwanta da rana in rufe ido, baƙin garken nan nake gani yana karkata.

Ranar da Malam ya sauko daga bas da akwatin katako a kafaɗa, na yi guɗa a bakin titi, ban damu da masu kallo ba. Madubin dogo ne kamar guntun rake, na tagulla, da ƙafafu uku na katako. Da asuba, da yake ya roƙi a bar shi ya makara zuwa ofis, muka kafa shi a kan surin. Kafin ya ɗaura lezar ya ce in leƙa in saita wajen rafi.

Na sa ido. Tsohon madubi ne, komai a kife yake nunawa. Na ga rafi a sama, na ga Baba rataye da ƙafafu sama kai ƙasa, yana ɗaura leda a sanda. Na so in yi dariya, sai idona ya kai kan shinkafarsa. Daga rumfa kullum kore nake hange. Yanzu ga ta a gaban hancina. Zangarniya mai ƙwaya tana sunkuyawa saboda nauyi. Nasa kuwa a miƙe suke cir, farare, iska na kaɗa su. Na bi layi bayan layi ina neman masu sunkuyo, sai jefi-jefi.

Na ɗago na ce, "Malam, mun makara."

Ya leƙa ya daɗe. Ya ce, "A ceci abin da ya saura."

Ya ɗaure lezar da robar taya a wajen sa ido, ya yi ta murɗa wani ɗan ƙarfe a gefe. Hasken ya fito ta gaba da faɗin kwabo. Na ce a raina wannan ai ya fi na da girma, ina amfaninsa. Da suka sauka a wajen Baba na juya madubin a hankali. Can a bakin rafi na ga jan tabo ƙarami, ras da shi, yana tafiya a kan shinkafa. Garken ya tashi. Na bi su, suka sauka a rabinmu, na dawo da shi, suka tashi. Suka yi ta shawagi suka rasa wurin zama, suka haye rafi suka tafi. Na ji muryar Baba daga can yana ihu da yarensu, yana ɗaga hannu biyu.

Haka na riƙe gonar gaba ɗaya har shinkafa ta nuna. Hannuna ya koyi nauyin madubin. Amma abin da aka tsotse an tsotse.

Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta fara tsagewa, aka sa lauje. Ana cikin yankan na haihu, mace, lafiya lau. Ina ɗaki ina shan kunun kanwa ina jin bugun shinkafa a jikin duro daga bayan gida. Namu aka yi ta bugu har washegari. Na Baba kuwa kafin azahar na ji shiru. Da na iya fita na ga buhunanmu jingine a falo har sun tare hanya. Nasa na gani a ƙofar ɗakinsa, bai cika buhu biyu ba, kuma da aka sheƙe rabi ya bi iska.

Mun riga mun gama magana da Malam. Bayan suna ya kinkimi buhu ya kai ƙofar Baba, ya dawo ya ɗauki wani, ni kuma na bi shi da jaririya a kafaɗa. Muka durƙusa muka gaishe shi. Malam ya ce, "Baba, gona ɗaya ce, tsuntsu ɗaya ne. Ga rabonka."

Baba ya dubi buhunan, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Malam, ɗauke."

"Baba, don Allah..."

"Ɗauke na ce. Ni aro na ba ka. In na karɓi buhu a kan gona, gobe za a ce Danladi ya sayar. Ƙasar ubana ne. Mu nan ba ma karɓan komai a kan aro, ko mudu ɗaya."

Na sa baki na ce, "Baba, ba kuɗin gona ba ne. Ni na koro maka su."

Ya ce, "Tsuntsu ba naka ba ne, Amarya. Kai ka haife shi?" Ya tashi ya shiga ɗaki ya saki labule.

Malam ya mayar da buhunan ɗaya bayan ɗaya. Kwanakin da suka biyo na riƙa kallon ƙofar Baba. Matarsa ta daɗe da rasuwa, shi yake hura 'yar wutarsa. Na ga yana gasa rogo da safe, da yamma wani lokacin ba ya ma hurawa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ni kuma ga shinkafa har rufi, amma ba na jin daɗin cin ta.

Wata la'asar na turara shinkafa, na surfe, na yi dafa-duka da manja da daddawa da ɗan busasshen kifin da aka kawo mini barka. Na cika babban kwanon sha na rufe da faifai. Malam ya ce, "Zai kore ki." Na ce ya kore ni ɗin. Na goya yarinya na ɗauka, na nufi ƙofar Baba.

Yana zaune a kan kututture yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na ajiye a gabansa na ce, "Baba, ɗanɗanon girki ne na maƙwabta. Ba na gona ba ne, na tukunya ne."

Bai taɓa ba. Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya koma kan fartanyarsa. Na ci gaba da durƙuso, gwiwata na zafi, yarinya ta fara ƙananan kuka a bayana. Na ƙudura ba zan tashi ba ko magariba za ta same ni a nan. Tururi na fita ta gefen faifan. Can ya ajiye fartanyar, ya jawo buta ya wanke hannu, ya ɗaga faifan. Ya ci loma ɗaya a hankali. Ya ci ta biyu. Daga nan bai ƙara ɗagowa ba sai da ya ga gindin kwanon, ni kuwa na kawar da kai don kada ya ga na ga yadda yake ci.

Ya sha ruwa, ya goge baki, ya turo mini kwanon da bayan hannu.

Ya ce, "Amarya, kai Bazazzagi ne ko? Barkono ya yi yawa. Gobe ka rage."

Na ce, "To, Baba." Na ɗauki kwanon na juya da sauri, don hawaye sun riga sun zubo.